Tuffar da Inna Ba Ta Kashe Ba

Inda garkarmu take a Ƙurban, a nan Madina, yanzu wurin wankin motoci ne. Nakan bi ta gefen idan na taso daga masallacin Ƙuba, in ɗan tsaya kamar mai jiran wani, ina kallon ruwan sabulu yana malala kan titi ba mai ko waiwayarsa. A zamaninmu, wanda ya zubar da ruwa haka sai an yi mako ana zancensa. 'Ya'yana sun ce na cika mita, komai sai na ce na da ya fi, kuma ban musa musu ba, tsufa ne. Amma yau ba mita na zauna yi ba. Akwai wata bishiyar tuffa da ta mutu a garkar nan, kuma duk zuriyarmu, daga 'ya'ya har jikoki, sun tashi da sanin cewa mahaifiyata ce ta kashe ta. Ba ita ba ce, ni ne. Na bar ta ta ɗauki laifin har ta koma ga Allah, bayan ranta ma na bari ana ci gaba da ɗora mata.

Lokacin da nake magana a kai, Ƙurban duk gonakin dabino ne. Abin da ke tashin mutum da asuba bayan kiran salla shi ne injin rijiya, tuk-tuk-tuk, sai kukan kurciyoyi, sai ƙarar ruwa yana shiga magudana yana tura busasshen ganye a gabansa. Mahaifina, da muke kira Baba, mutumin ƙasar Damagaram ne, shi ya sa har ya rasu garka yake cewa, ba ya cewa lambu. Shi ke kula da gonar wani dattijo Balarabe, mu kuma muna zaune a ɗakuna biyu na laka a ƙarshenta, ni da shi da Inna. Yayata mace, mu biyu kaɗai Allah Ya bar musu, ta yi aure a nan kusa, kusan kullum tana gida. Aikina tun ina ƙarami shi ne bin ruwa: in buɗe wannan bakin magudana, in toshe wancan da curin laka, in tsaya ƙafa cikin taɓo har dabinon ya ƙoshi. Yaran yanzu sun ɗauka ruwa daga bango yake fitowa. Mu mun san daga ina yake zuwa, mun kuma san inda yake ƙarewa, domin namu rabon shi ne na ƙarshe, ragowar da ta rage bayan dabinon mai gona ya sha.

A wannan ƙarshen, jikin katanga, a inuwar wasu dogayen dabinai biyu, tuffar take. Wani tsoho daga duwatsun kudu ya ba Baba dashenta tun kafin in yi wayo, kuma kowa ya ce ba za ta rayu a zafin Madina ba, sai ta rayu. Gajeriya ce, karkatacciya, ba kyan gani. 'Ya'yanta ba su wuce girman lemun tsami ba, kore shar, idan ka gatsa sai idonka ya rufe da kansa. Mai-tsami muke ce mata. Ba wanda ke cin ta don marmari, amma da ita Inna ke yin khal, ruwan tsamin da ya sa aka san gidanmu tun daga Ƙurban har cikin gari. Idan ta nuna sai Inna da Yaya su wanke, su yayyanka, su daka a turmi, su matse a farin ƙyalle. Har yau ina jin sautin taɓaryar nan, ba irin na dakan hatsi ba, wani jiƙaƙƙen sauti mai laushi. Kafin a zuba ruwan a tulu, sai Inna ta fara zuba ludayi uku na khal ɗin bara, wanda take kira uwa. Dalilinta shi ne ruwan 'ya'yan itace idan aka bar shi shi kaɗai, sai ya biya ta hanyar giya kafin ya zama khal. Takan ce, “A garin Manzon Allah ba za a ajiye giya a ɗakina ba, ko da wucewa take yi.” Sai ta ɗaure bakin tulun, ba mai taɓawa sai bayan kwana arba'in.

Ba ta sayarwa. Mata ke zuwa da kwalabensu gab da azumi, Hausawan Sudan irinta, da na Chadi, da matan Larabawan maƙwabta, kowa ta samu ɗan rabonta. Alhazai 'yan ƙasarmu idan abincin nan ya ɓata musu ciki, gidanmu ake kwatanta musu. Inna ba ta da gwal, ba ta da dangi a garin nan, ba ta iya Larabcin kirki ba sai na cefane. Abin da take da shi da ake sallama a ƙofarta dominsa, wannan khal ɗin ne. A lokacin ban gane haka ba. Na ɗauka tsami ne kawai a tulu.

Ni kuwa a lokacin na zama saurayi, na fara aikin dako a kasuwar kayan marmari, ina jin kaina. A can na ga tuffar Sham a cikin akwatuna, ja wur, kowace an naɗe ta a takarda kamar amarya. Tun ranar na fara jin kunyar tamu. Wani abokin aikina ya taɓa raka ni gida, ya tsinki Mai-tsami ya gatsa, ya tofar, ya ce, “Wannan tuffa ce ko hukunci?” Aka yi dariya, har da ni, amma abin ya zauna min a rai. Da sanyi ya shigo, sai wani mai mota ya zo bakin kasuwa da dashe iri-iri, kowane da hoton 'ya'yansa a rataye. Na lallaɓi Baba har ya yarda ya zo ya gani.

Yadda Baba ke zaɓen itace daban ne. Ni hoton nake kallo, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Ya tsuguna ya murza ganyen, ya duba saiwar, sannan ya tambayi mai motar da ɗan Larabcinsa, “Uwar wannan, a ina take tsaye?” Mutumin ya ce a kan dutse, can arewa mai nisa. Baba ya ce, “Ƙanƙara na sauka a wurin?” Ya ce ƙwarai, har ta rufe hanya. Baba ya miƙe ya kakkaɓe hannunsa, ya ce min da Hausa, “Mu tafi. Wannan sai ta yi barcin sanyi take haihuwa, mu kuwa ba mu da sanyin da za mu ba ta. Kuma ko ta haihu, zaƙi ne zalla, uwarka ba za ta samu khal a cikinta ba.” Na ce, “Baba, duniya ta ci gaba, ba kowa ke son tsami ba.” Ya dube ni, ya ce, “To, ai ba duniya za ka dasa ba, itace za ka dasa.” Ya wuce abinsa. Ni kuwa na koma da yamma na sayi uku da gumina na dako.

Bai yi faɗa ba da ya gan su. Ya nuna min wuri a gefen Mai-tsami, inda magudana ta rabu biyu, ya ce in dasa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: “Tsohuwar ke fara sha. Abin da ya wuce ta, na baƙinka ne.” Haka aka yi har sanyi ya wuce, kuma baƙin nawa suka yi ganye mai kyau, ina ta kai mutane suna gani. Da zafi ya kankama sai mai gona ya tura Baba Khaibar, inda yake da wata gonar, ya taya su aikin dabino na wata biyu. Ya bar min ruwan. Ranar da zai hau mota bai yi min dogon wa'azi ba, ya dai ce in kula da tsohuwar.

Wanda bai yi bazara a Madina ba, ba zai gane ba. Iska kanta ƙona fuska take. Rijiya ta ja baya, rabonmu ya koma ɗan siriri, idan Mai-tsami ta sha ba abin da ke wucewa. Cikin mako guda ganyen dashena ya fara lanƙwashewa. Na tuna dariyar abokina, na tuna maganar Baba a gaban mai mota, na ga ranar da zai dawo ya tarar da su a bushe bai ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Sai wata la'asar na ɗebi curin laka na toshe bakin da ke zuwa gindin tsohuwar, na juya ruwan gaba ɗaya wajen nawa. Na ce wa kaina na kwana bakwai ne kawai, ita babba ce, saiwarta ta yi nisa, za ta jure. Don kada a lura, kullum sai in ɗebi rabin bokiti in yayyafa a gindinta, saman ƙasar ya yi duhu kamar ta sha. Wannan rabin bokitin ya fi komai damuna a yau, domin toshewar ana iya cewa wauta ce, amma yayyafin nan da hankalina na yi shi.

Kwana bakwai suka zama wata guda. 'Ya'yan da ta ɗauka suka fara zubowa tun ba su kai ba. Inna ta fito wata safiya ta tsaya a kanta, ta tsinci ɗaya a ƙasa tana jujjuyawa, ta ce, “Auta, kana ba ta ruwa kuwa?” Na ce, “Inna, ki dubi gindinta mana.” Ta duba, ta ga danshi, ta ce, “Haka ne. Yi haƙuri.” Ita ce ta ba ni haƙuri. A ranar tsoro ya kama ni, na cire lakar, na maida mata ruwan duka, har ina ƙarawa da na randarmu. Kwana goma ina ɗura mata, amma ta riga ta tafi.

Da Baba ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya nufi katanga. Ya karya ɗan reshe, ya ji ƙas. Ya tona gindin da hannu har gwiwar hannunsa ta shige, ya tarar da laima, saboda ruwan da na yi ta ɗurawa daga baya. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Me ya same ta?” Ina tsaye a bayansa, na buɗe baki ma, Allah Ya sani na buɗe. Sai na ji muryar Inna: “Ni ce, Malam. Da muka wanke tuluna da gishiri da toka, a gindinta na juye ruwan. Ban yi tunani ba.” Baba ya ɗago ya dube ta, ya ce, “Gishiri, a wannan zafin?” Ta sunkuyar da kai. Ya ce, “Allah Ya sa haka ne mafi alheri.” Ni kuwa na maida bakina na rufe. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na san ruwan wanki na rana ɗaya ba zai kashe itacen da ya shekara ashirin ba, amma na bar shi a haka.

Baba bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya daina zama a wajen katangar da yamma. Inna ta gwada yin khal da tuffar kasuwa, jar nan da nake yabo, ya fito lami, wani tulun ma ya yi fumfuna. Shekara ta biyu uwar khal ɗin ta ƙare. Mata suka zo da kwalabe suka koma da su wayam, shekara ta gaba ba su zo ba. Ta rabar da tulunan, ta bar ɗaya tana zuba ruwan sha. Baƙina uku kuwa sun shekara uku suna cin ruwa, suna ganye, sau ɗaya suka yi ɗan fure ya kaɗe, ko ƙwaya ɗaya ban gani ba. Daga baya magadan mai gona suka sayar da wurin, aka tumɓuke komai, muka koma gidan haya.

Abin da ban zata ba shi ne labarin zai zama abin raha. Maƙwabta suka fara tsokanarta, ita ma ta riƙa dariya tana cewa hannunta gishiri gare shi. Daga nan duk wanda ya cika gishiri a miya, ko ya shuka abu ya mutu, sai a ce “hannun Inna”. Jikokina da aka haifa a nan, waɗanda idan ka yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, waɗannan kalmomi biyun sun iya su tsaf. Ba su taɓa ganinta ba. Ba su san ta ciyar da unguwa da tsaminta ba, abin da suka sani game da ita kawai ta kashe bishiya. Sau nawa ina zaune ana faɗa, in yi murmushi in ci gaba da cin abinci. Kullum ina cewa sai an samu lokacin da ya dace, har Baba ya tafi, har ita ma ta bi shi.

Makon jiya 'yata ta biyu ta zo min da waya a hannu. Mijinta ya samu aikin kula da wata 'yar gona a hanyar Khaibar, an ba su gefe su shuka abin da suke so, ita kuma ta ƙudura sai ta yi khal irin na kakarta. Ta zauna kusa da ni tana tura hotuna da yatsa, ja, rawaya, mai ɗigo-ɗigo, kowace da sunanta na Turawa. Ta ce, “Abuya, shuf, wanne za mu saya? Wannan ja ɗin marra hilu,” wato in duba, ja ɗin ya yi kyau ƙwarai. Na ce ta ajiye hoton, ta tambayi mai dashen inda uwar itacen take tsaye, idan wurin ƙanƙara ne ta bar masa kayansa. Ta nemi wadda ta saba da zafi, ƙanana, masu tsami, ko da ba kyan gani. Ta rubuta, ta ce, “Ɗayyib, to shi ke nan. Mu dai in sha Allah ba za mu yi hannun Inna ba.” Ta yi dariya, 'yarta da ke gefe ta taya ta. Ban san lokacin da na daka musu tsawa ba. Suka juyo suna kallona. Na ga za a dasa sabuwar bishiya, a kuma dasa ƙaryata tare da ita, ta ƙara wasu shekarun bayan ba ni.

Washegari bayan la'asar na hau mota zuwa Al-Azizya, inda Yaya take zaune wurin ɗanta. Ban da ni, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Mai-tsami da idonsu. Ƙafa ta hana ta fita, amma bakinta na nan yadda na san shi. Ta ce, “Auta, yau kuma wa ya mutu, ka zo ba Juma'a ba?” Gemuna fari fat, amma a wurinta Auta nake. Na zauna a ƙasa kusa da katifarta, na ƙi shan shayin da aka kawo, na faɗa mata duka: curin lakar, rabin bokitin, abin da na ce wa Inna da safen nan. Ban rage komai ba. Na zaci za ta zage ni, na ma shirya wa hakan.

Carbinta ya tsaya a hannunta. Sannan ta ce a hankali, “Wata guda ba ruwa?” Na ce, “Wata guda, Yaya.” Ta ce, “Ba gishirin ba ne ke nan.” Na ce ba shi ba ne.

Ta ce, “Inna ba ta taɓa juye ruwan nan ba. Ni na juye. Tana ɗaki, na ji ƙyuyar kai shi bayan katanga. Da itacen ya fara zubar da 'ya'ya na same ta ina kuka na faɗa mata. Ta ce in yi shiru, aurena sabo ne, kada dangin mijina su ji a ce hannuna na kashe abu. Ta ce ita ta tsufa, ba abin da za a rage mata.” Ta share ido da gefen mayafinta. “Duk ranar da yaran nan suka ce hannun Inna, sai in ji kamar an watsa min ruwan zafi. Ka tuna ranar da za ta rasu, da na ce kowa ya fita? Gafarar wannan na roƙa. Kana nan tsaye a bakin ƙofa, Auta.”

Na tuna. Na ɗauka maganar mata ce, har na ja musu ƙofar. Na ce, “Yaya, ki yafe min don Allah.” Ta ce, “Zan yafe, ai ba ni da wani ƙanin. Amma ba yau ba. Kai ka riƙe naka shekara da shekaru ba wanda ya matsa maka, ni ma bar ni in riƙe nawa kwana biyu.” Na ce duk abin da ta ce in yi, zan yi. Ta gyara zama, ta ɗauki carbinta.

Ta ce, “Ran Juma'a kowa zai taru a nan, naka da nawa, har 'yan ƙananan. A gabansu za ka tsaya, ba a zaune ba. Ka faɗa da Hausa, sannan ka maimaita da Larabci, kada wani ya ce bai gane ba. Kuma ka fara da gaya musu wace ce ita, kafin ka zo kan abin da ka yi mata.”

Yau Laraba. Na Hausar na gama shirya shi, na san inda zan fara. Na Larabcin ne duk lokacin da na gwada, idan na iso wurin da ta dubi gindin itacen ta ce min in yi haƙuri, sai muryata ta ƙi fita.